Na yaga kiltin kakan abokina da fil, ga biki saura sati shida

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina aiki ne a Abadin, can arewacin Sikotilan, ni da iyalina. Akwai wani abokin aikina Bature ɗan garin, tun zuwana shi ya riƙe ni, shi ya nemo min gidan haya, ranar da matata ta tashi haihuwa shi ya kai mu asibiti cikin dare. Yanzu zai yi aure saura sati shida, ya saka ni cikin abokan ango, kuma dukkanmu kilti za mu saka, wannan tufar gargajiyar ta mazansu mai kama da siket. Babansa da ya ga jikina ya zo ɗaya da na marigayi mahaifinsa sai ya ɗauko kiltin tsohon ya ba ni aro, yace na fara gwadawa a walimar Burns ta ofishinmu, wadda suke yi duk shekara don tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, don na saba. Ranar iska ake kamar me, ina tsoron kar gaban ya buɗe cikin mutane, sai na ɗauki fil ɗin da ke jiki na soke falle biyun na haɗe su. Ana cikin rawa na ji ɓarrr. Da na dawo gida na duba, fallen ciki ya yage kamar faɗin farce, na sama kuma zare uku ko huɗu sun zazzago, fil ɗin ma ya lanƙwashe. Tun ranar bana iya barci sosai. Matata tace na kai wa telan da ke mana ɗinkin shadda ya ɗinke a ɓoye, ko na matsar da fil ɗin ya rufe wurin ba wanda zai lura. Ni kuma kunya ta hana ni faɗa musu, ga shi dama raina bai gama kwanciya da fitar da gwiwa waje ba. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh ka fara sakin ranka kaɗan tukunna. Wannan rashin barcin da kake yi ya nuna min ka san girman abin da aka damƙa maka, kuma na ji daɗin hakan, amma ɓarnar da ka kwatanta min irin wadda ake gyarawa ce, masu ɗinkin kilti suna ganin irinta kullum, domin kusan duk wanda ya fara saka kilti ba tare da an nuna masa ba haka yake yi da fil ɗin nan. Ai hankali ma abin da zai ba mutum kenan, ka ga falle biyu suna kaɗawa, ga fil a hannu, me za ka yi in ba ka haɗe su ba. Sai dai fil ɗin ba don haɗewa aka yi shi ba. Kiltin kirki yadi takwas ne na ulu, bayansa duk tattara, gabansa falle biyu ɗaya kan ɗaya, kuma an ɗinka shi ne yadda duk takun da ka yi fallen nan biyu za su goga juna su wuce, ɗaya ya bi ƙafar dama ɗaya ya bi ta hagu. Da ka soke su tare, duk ƙarfin takunka da zamanka da juyawar rawa ya taru a kan ƴan ƙananan huji guda biyu, kuma in irin rawar nan ce ta Strip the Willow da ake kama hannu ana wulwula mutum daga wannan zuwa wancan, wallahi ko sabon yadi ne sai ya saki balle na tsoho. Fil ɗin kilti a fallen sama kaɗai ake soke shi, aikinsa ya ɗan ba kusurwar nauyi kar iska ta riƙa wasa da ita, sauran kuma ado ne.

Yanzu maganar ɓoyewa. Ka faɗa musu, kuma cikin satin nan. Na san ba abin da kake son ji ba kenan, amma ka tsaya ka duba abin ta wajen baban abokinka. Ka ɗauka babbar rigar kakanka ce mai aska takwas da ke ajiye a adaka tun rasuwarsa, ka ɗauko ka ba wani baƙo aro saboda ka yarda da shi, sai bayan shekara ka warware ta ka ga ɗinkin keke a inda ba ka san da shi ba. Yagewar ba za ta dame ka kamar shirun da aka yi maka ba. Su mutanen nan haka suke ji da kilti, tufa ce da gwamnatin Birtaniya ta taɓa haramta wa mutanen tsaunukansu da doka a 1746 bayan yaƙin Culloden, ba a janye dokar ba sai 1782, kuma har yau kilti ɗaya yana wucewa daga kaka zuwa ɗa zuwa jika ana buɗa shi ana rage shi. Dattijon nan ya san kowane tabo da ke jikin na babansa, ka yarda da ni zai gani. Kuma kai musulmi ne, ka san aya ta 58 a Suratun Nisa'i kan mayar da amana ga masu ita, ba sai na yi maka dogon wa'azi ba, abin da ke hana ka barcin ma kenan.

Matarka kuma kar ka ga laifinta, ita mijinta take karewa, tana ganin yadda ka rame da tunani tana son abin ya wuce da sauri. Sai dai duka shawarwarin nata biyu za su ƙara ɓarnar ne. In ka matsar da fil ɗin kan wurin da zare ya zazzago ka ɗora nauyin ƙarfe kenan a kan zaren da ya riga ya raunana, ranar biki kafin a gama hotuna hujin ya ninka. Telanku na shadda kuwa ba raina shi nake ba, amma aikinsa daban wannan daban, shi keke zai hau ya bi wurin ya dawo ko ya manna gam ɗin nan da ake dannawa da dutsen guga ta ciki, kuma ulun tatan, wato yadin nan mai layi-layi masu gilma juna da ake ɗinka kilti da shi, in allurar keke ta tattaka shi ko gam ya shiga cikin saƙar, mai gyaran gaskiya ma in ya zo daga baya ba abin da zai iya yi sai ya yanke wurin. Ka zauna da ita ka nuna mata wannan a hankali, ka ce mata kana son ta tsaya maka a kan faɗar gaskiyar, ina ganin za ta fi kowa samun sauƙi in an gama.

Kafin ka je, ga abin da za ka yi a gida yau. Zare fil ɗin a hankali in har yanzu yana jiki, in lanƙwasar ta sa yana cijewa ka bi da shi yadda ya lanƙwashe kar ka fizga, ka saka shi a ambulan ka ajiye. Kar ka ce za ka miƙar da shi da filaya, tsofaffin nan da yawa azurfa ne, wasu da tambarin dangi a jiki, wannan aikin maƙerin azurfa ne. Zaren da suka zazzago kar ka ja su, kar ka yanke su ko da kuwa suna tsone maka ido, matuƙar ba su tsinke ba ana mayar da su cikin saƙar da allura marar tsini a bi da tururi su kwanta kamar ba a yi ba, amma da ka sa almakashi shikenan ka mayar da zazzagowa huji. Kar ka goge, kar ka wanke, kar ka bari yara su taɓa. Ka ɗauki hoton wurin da waya cikin haske, ciki da waje, ka shimfiɗe shi a kan gado ko ka rataye shi da hangar nan mai matsewa ta ƙugu.

Sai ka fara da abokinka, ba babansa ba, kuma baki da baki, ba ta WhatsApp ba. Ka ce masa akwai abin da ya faru da kiltin kakansa ranar walimar, ka soke fil ɗin ta falle biyu saboda ba ka san ba a yin haka ba, ya yage, ga hoton, kunya ce ta sa ka yi kwanaki ba ka faɗa ba, kuma kai za ka biya kuɗin gyara duk inda suka zaɓa a kai. Iya nan ya isa. Gaskiya ne su ma da sun nuna maka yadda ake sakawa da ba a zo nan ba, mutum bai taɓa saka abu ba a miƙa masa kayan gado ba bayani, akwai nasu sakacin, amma kar wannan maganar ta fito daga bakinka, ka bari su faɗa da kansu, kuma ina kyautata zaton za su faɗa. Daga nan ka roƙe shi ya raka ka wajen dattijon ku kai kiltin tare. Ka bar musu zaɓin mai gyara, ta yiwu gidan suna da mai ɗinkin da suka saba da shi shekara da shekaru, in babu kuma shagunan kilti a Abadin da Edinbara da Gilasgo ko suna gyara da kansu ko sun san wanda za su tura ku wajensa.

Abin da zai ƙara kwantar maka da hankali, yagewar babba a fallen ciki take, wanda na sama ke rufe shi gaba ɗaya, ko an gyara da ɗan alama ba idon da zai kai wurin. Kuma akwai masu gyaran da ke ciro zare daga wani ɓoyayyen wuri a cikin kiltin kansa su sake saƙa hujin zare bayan zare, launi ya hau kan launi, layi ya bi layi. Aikin hannu ne, yana cin lokaci kuma ba arha yake ba, amma bai kai kuɗin sabon kilti ɗinkin hannu ba wanda ke cin fam ɗaruruwa. Lokacin ne ma ya sa nake matsa maka, sati shida ya isa in an kai yanzu, in ka ƙara sati uku kana juyi a gado ba lallai ya isa ba, sannan ka jefa ango cikin neman mafita a satin bikinsa, wanda shi ne abin da bai kamace shi daga gare ka ba bayan duk abin da ya yi muku.

Ka kuma shirya wa ɗayan ɓangaren. Zai iya yiwuwa dattijon ransa ya sosu, ya karɓi kayansa yace a bar shi a ajiye, kayan mahaifinsa ne yana da wannan haƙƙin, kar ka ɗauka wulaƙanci ne kuma kar ka yi ta ba da haƙuri har ya zama shi ne zai koma lallashinka. Ka ba da haƙuri sau ɗaya da kyau, ka biya, ka je shagon haya ka ɗauki kilti irin na sauran abokan ango, a can ana ba da hayar kayan gaba ɗaya har da kwat da safa da takalmi, ka tambaye su ƙarin kuɗin da ake biya na inshorar lalacewa ka biya shi. In kuma suka ƙi karɓar kuɗinka, wanda shi ma yana faruwa, ka nemi mai gyaran ka biya shi kai tsaye, ko ka ɗauki nauyin gyaran fil ɗin, uwargida kuma ta haɗa musu dambun nama ko wani abin hannunta ku kai.

Toh in Allah ya sa an gyara an sake ba ka, ko ka ɗauko na haya, ga yadda ake saka fil ɗin, ka karanta da kyau. Kar ka soke shi kana sanye da kiltin kana sunkuye, shimfiɗa shi za ka yi a kan tebur. Fallen sama gefensa mai geza yana faɗowa ne ta damanka, a wannan kusurwar ta ƙasa fil yake zama, kamar inci 4 daga bakin ƙasa, kamar inci 2 daga gezar. Kafin komai ka shafa tsinin a jikin tsohuwar safa ko wani ƙyalle mai santsi, in ya kama zare to akwai kaushi ko tsatsa a bakin, kar ya taɓa ulu sai an goge shi. Sai ka zura hannunka ɗaya tsakanin falle biyun yadda tafinka zai raba su, in tsinin ya fito yatsanka zai fara ji ba fallen ciki ba. Ka kalli saƙar da kyau a kusa, za ka ga zaren suna tafiya a karkace da ƴan ƙofofi a tsakaninsu, ka ɗora tsinin a ƙofa ka ɗan jujjuya shi har zaren su matsa su ba shi hanya, kar ka danna da ƙarfi ya fasa tsakiyar zare. Ka ɗebi yadi da ɗan yawa tsakanin inda ya shiga da inda ya fito, kusan tsawon allurar, saboda in ka ɗan tsakuro kaɗan nauyin duk a wuri ɗaya zai rataya yana lilo. Ta ciki ka saka ɗan guntun ƙyalle mai kauri allurar ta bi ta cikinsa, shi zai ɗauki wahalar maimakon ulun, in ka zura ƴar robar nan ta bayan ɗan kunne a jikin allurar kuma ko makullin ya ɓalle fil ɗin ba zai zame ya faɗi ba. In mai siffar takobi ne tsinin takobin ƙasa yake kallo. Da ka saka sau ɗaya ka bar shi a nan, cirewa da sake sokewa a sabon wuri kowane lokaci shi ke mayar da kusurwar kamar rariya. A na kakan, ka tambayi mai gyaran ya nuna maka daidai inda za ka soke nesa da inda ya yi aiki.

Ranar bikin kuma ka san inda fil yake kama abu. Wajen shiga mota da fita yana kama bakin kujera ko bel, ka dafe kusurwar da hannu. A teburin cin abinci yana kama ƙyallen tebur. Wanda ya fi duka shi ne wajen rawa, rigunan matan nan marasa nauyi da leshi da mayafin matarka in tana kusa da kai, fil mai kaifin gefe ko mai duwatsu da ƴan ƙugiyoyi yana wucewa zai ja zare, kuma ka tuna tsayinsa daidai fuskar ƙaramin yaro ne in ya rugo ya rungume ƙafarka. Ni shawarata da an gama ɗaurin aure da hotuna an shiga zauren rawa, ka cire shi ka jefa a cikin siforan, ƴar jakar nan da ake ratayawa a gaba, tunda a cikin ɗaki ba iska ba aikin da yake yi. Wannan cirewar guda ɗaya ba za ta yi komai ba, in za ka mayar ka bi hujin farko. Akwai kuma masu mayen ƙarfe da ba sa huda yadi sam, suna da kyau ga kayan aro, sai dai sun fi saurin faɗuwa in aka goge su. Kuma in ka ce ba za ka saka fil ɗin ba gaba ɗaya ba wanda zai ce ka yi ba daidai ba, sai dai ka tambayi ango ko yana son abokansa su fito iri ɗaya a hoto. Ita ma siforan ɗin ka lura da sarƙarta, in akwai gaɓar da ta buɗe tana cin gaban kilti a hankali, maɗaurin fata ya fi aminci ga tsohon yadi.

Na bar maganar gwiwa zuwa yanzu da gangan, domin a ganina ita ce asalin abin, tsoron buɗewa ne ya sa ka soke falle biyun, in ba a magance shi ba ranar biki hannunka zai sake kai wa fil ɗin nan. Ka sani fallen ciki shi ma ya rufe gabanka ne daga ƙugu zuwa ƙugu, ko iska ta ɗaga na sama gaba ɗaya akwai wani a ƙasa, siforan kuma nauyinta yana danne tsakiya in ka zauna. Ka saka baƙin gajeren wando mai kama jiki da ya sauko har gwiwa a ciki, ba wanda zai bincika ka, maganar da ake yi cewa ba a saka komai a ciki kar ta dame ka, masu ba da haya ma so suke a saka. Kilti yana tsayawa ne wajen ƙoƙon gwiwa, safa ta taso kusa da ƙasanta, abin da ke fita kaɗan ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, ita gwiwar ba ta ciki, Hanafawa ne ke saka ta. Musulman ƙasar suna sakawa, Humza Yousaf da ya shugabanci gwamnatin Sikotilan a 2023 da kilti ya yi rantsuwar majalisa a 2016, har tatan na musulmi aka fitar a 2012. Amma in duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, kar ka tilasta mata, ka tambayi malamin da ka yarda da shi, sannan akwai dogon wando na yadin tatan da ake sakawa da kwat iri ɗaya da na masu kilti, shi ma kayan gargajiyarsu ne cikakke ana zuwa biki da shi, ba fil ba gwiwa. Mutumin da ya tashi cikin dare ya kai matarka asibiti ba zai ƙi ka don ka ce wando kake so ba, sai dai ka haɗa wannan maganar da ta yagewar a zama ɗaya don ya san lissafin da zai yi tun da wuri.

In an gama biki kar ka naɗe kiltin da gumi ka mayar, ka rataye shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, kar ka kai shi wanki da kanka sai ka tambayi masu shi, ka miƙa fil ɗin daban a ambulan saboda in ya daɗe a jiki a ajiye yana iya barin tsatsa ko baƙi a ulun. Gobe in ka shiga ofis ka ce wa abokinka kana son ganinsa lokacin cin abincin rana, ka tafi da hotunan a wayarka. Ka gaishe min da uwargida da jariri, Allah ya sa a yi biki lafiya, ka rubuto min yadda kuka yi da dattijon.